Yadda Ake Kashe Laburarorin da Na'ura Ba Ta Ɗauka Yayin Gina GCC

Gina GCC aiki ne mai cin lokaci, kuma ya fi son ya tsaya a ƙarshe-ƙarshe. Kwamfuta ta yi ta aiki, fanka na juyawa, rubutu na gudu a allo, sai can bayan an wuce ɓangare mafi nauyi komai ya tsaya cak da layi ɗaya: `Link tests are not allowed after GCC_NO_EXECUTABLES`. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka kwamfailar, wato GCC ɗin kanta, ce ta lalace. Galibi lafiyarta ƙalau, har ma an riga an gama gina ta. Abin da ya ƙi ginuwa ɗaya ne daga cikin laburarorin da ke mata rakiya, domin ya nemi wani abu a na'urar da aka nufa bai samu ba.

Maganin sananne ne: a ƙara `--disable-` da sunan laburaren a sake gini. Sai dai kowane laburare da aka kashe akwai aikin da yake yi, kuma wanda zai yi amfani da kwamfailar gobe shi zai ji rashinsa. Don haka wannan jagora ba jerin zaɓuɓɓukan da za a kwafe ba ne kawai. Manufarsa mai gini ya san abin da zai kashe, da dalilin kashe shi, da lokacin da ya wajaba ya mayar da shi.

Abin da ake ginawa

Kwamfaila manhaja ce da ke juya rubutun mai shirya manhaja zuwa harshen da inji ke ji. GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, tana rarrabe na'urori uku a lokacin gini. `--build` ita ce na'urar da ake ginin a kanta. `--host` ita ce wadda kwamfailar za ta zauna ta yi aiki. `--target` kuma ita ce wadda manhajojin da kwamfailar ta fitar za su gudana a kanta. Idan ukun ɗaya ne, da wuya a gamu da matsalar da muke magana a kai. Rikicin yana tasowa ne idan `--target` ya bambanta, wato ana zaune a laftof mai x86_64 ana gina kwamfailar da za ta yi wa Raspberry Pi ko Arduino aiki.

Ginin kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne kwamfailar kanta, wato `cc1` da `cc1plus` da direban `gcc`, kuma kwamfailar da ke kan laftof ɗin ce ke gina su. Kashi na biyu shi ne laburarorin rakiya, waɗanda ake haɗawa da manhaja su bi ta zuwa na'urar da za ta yi aiki. Su waɗannan sabuwar kwamfailar ce ke gina su, don na'urar da aka nufa, da fayilolin `.h` na waccan na'urar da laburaren C nata. Duk abin da na'urar ta rasa, a nan yake bayyana.

Waye waye a cikin laburarorin

`libgcc` shi ne ginshiƙi, ba a kashe shi. A cikinsa ake samun lissafin da masarrafi ba ya iya yi da kansa. Cortex-M0 da AVR ba su da umarnin rabawa, don haka duk inda aka rubuta `a / b` kwamfaila tana kiran wani aiki ne daga `libgcc`. Haka lissafin lambobi masu ɗigo a masarrafin da ba shi da sashen yin sa.

`libstdc++` shi ne laburaren C++, kuma cikakkensa yana buƙatar laburaren C mai aiki a ƙarƙashinsa.

`libgomp` yana riƙe da OpenMP tun GCC 4.2, daga baya aka ƙara masa OpenACC. Aikinsa raba lissafi tsakanin zaruruwan aiki, saboda haka ba ya ginuwa sai da `pthread`.

`libssp` yana kama manhajar da ta yi rubutu ya zarce iyakar wurin da aka ware mata a memori. Idan ya kama sai ya buga saƙo ya tsayar da manhajar, wanda ke nufin yana buƙatar hanyar fitar da rubutu.

`libquadmath` ya zo da GCC 4.6 a 2011 don lissafi da nau'in `__float128`. Fortran ce ta fi amfani da shi.

`libitm` ya zo da GCC 4.7, shi ke bayan zaɓin `-fgnu-tm`.

`libatomic` da `libsanitizer` sun zo da GCC 4.8 a 2013. Na farko yana cike gurbi inda masarrafi ba ya iya karanta wani wuri ya canza shi a numfashi ɗaya ba tare da wani zare ya kutsa ba. Na biyu shi ne kayan farautar kurakuran memori irin su AddressSanitizer, kuma daga aikin LLVM ake ɗauko shi.

`libvtv` ya zo da GCC 4.9, ba ya kuma yin wani aiki na gaske sai an gina kwamfaila da `--enable-vtable-verify`.

Sauran suna bin harsuna ne: `libgfortran` na Fortran, `libobjc` na Objective-C, `libgo` na Go, `libphobos` na D. Wannan ya kawo mu ga mataki mafi sauƙi. Idan ba a ce komai ba, GCC tana gina C da C++ da Fortran da Objective-C. Rubuta `--enable-languages=c,c++` kaɗai ya isa ya sauke laburarorin Fortran da Objective-C tun kafin a kai ga kashe ko ɗaya da sunansa.

Abin da `configure` ke kashewa da kansa

Kafin ka ɗaga hannu ka kashe komai, duba abin da aka riga aka yi maka. A babban fayil ɗin `configure.ac` da ke saman rubutun tushen GCC akwai wani jeri mai suna `noconfigdirs`. Duk foldar da sunanta ya shiga cikinsa ba za a taɓa ta ba. Hanyoyi uku ne sunan folda ke bi ya shiga wannan jeri.

Hanya ta farko ita ce sunan na'ura. `libgomp` a kunne yake ga Linux da dangin BSD da Solaris da macOS da AIX da wasu 'yan kaɗan, duk wanda ba ya cikinsu kuwa a kashe yake. Ga AVR an riga an rubuta cewa kada a gina `libssp` da `libquadmath` da `libstdc++`.

Hanya ta biyu ita ce tambayar laburaren da kansa. `libatomic` da `libitm` da `libsanitizer` kowanne yana da ɗan fayil mai suna `configure.tgt` a foldarsa. Babban `configure` yana karanta shi, idan ya tarar an cika `UNSUPPORTED` sai ya jefa laburaren cikin jerin. Wannan ne ke fitowa a allo da layi irin `checking for libatomic support... no`. `libvtv` da `libphobos` ma haka suke, sai dai sunan alamar tasu daban ne.

Hanya ta uku ita ce taka. Ga kowace folda, `configure` yana duba ko an ba shi `--disable-` da sunanta. Shi ya sa zaɓi irin `--disable-libvtv` ke aiki ko da ba ka gan shi a cikin `--help` ba.

Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe a nan. Na ɗaya, tambayar `configure.tgt` ana yin ta ne kawai idan ba ka ce komai ba game da laburaren. Da ka rubuta `--enable-libatomic` an tsallake ta, kuma idan na'urar ba ta ɗauka, ginin zai je can gaba ya faɗi a cikin foldar laburaren. Na biyu, babban `configure` ba ya ƙorafi a kan zaɓin da bai gane ba, domin yana miƙa zaɓuɓɓuka ga ƙananan foldoji. Ka yi kuskuren harafi ɗaya a `--disable-libsanitizer`, zai karɓa shiru ya gina laburaren.

Saboda haka bayan `configure` ya gama, kada ka garzaya ga `make`. Karanta abin da ya buga, ka nemi inda yake cewa `This configuration is not supported in the following subdirectories` ya jero sunaye. Sannan ka duba waɗanda suka rage:

```
grep target_configdirs config.log
```

Abin da ya fito shi ne ainihin jerin laburarorin da za a gina. Duba shi na minti ɗaya ya fi jiran awa guda a ga faɗuwa.

Dalilai uku na kashewa

Duk `--disable-` da za ka rubuta, ka san a wane rukuni yake.

Rukuni na farko: lokaci bai yi ba. Na'urar tana iya ɗaukar laburaren, amma laburaren C bai samu ba tukuna. Wannan kashewa ta wucin gadi ce, a zagayen gini na gaba dole a janye ta.

Rukuni na biyu: na'urar ba za ta taɓa ɗauka ba. ATmega328P da ke kan Arduino Uno yana da kilobait 32 na ajiyar manhaja da kilobait 2 na memorin aiki. Babu babbar manhaja irin Linux, babu zaruruwa, babu inda OpenMP zai tsaya.

Rukuni na uku: ana iya ginawa amma ba a buƙata, ko kuma wani ya riga ya ɗauke aikin. Misali glibc tana da `__stack_chk_fail` nata tun siga ta 2.4, musl ma tana da shi, don haka `libssp` a kan Linux maimaici ne.

Yawancin ɓarnar da ake gani tana zuwa ne daga cakuɗa na farko da na biyu: mutum ya ɗauki layin zagayen farko ya gina kwamfailar ƙarshe da shi.

Misali na farko: Cortex-M, na'urar da ba ta da babbar manhaja

A fara da binutils na `arm-none-eabi`, a girka shi, a sa foldar `bin` tasa a cikin `PATH`. A cikin rubutun tushen GCC a gudanar da `./contrib/download_prerequisites` don a samu GMP da MPFR da MPC. Gini kuma a wata folda daban ake yin sa, ba a cikin rubutun tushe ba.

Matsalar ita ce laburaren C, a nan newlib, ba ya ginuwa sai da kwamfaila, laburarorin kwamfaila kuma suna jiran laburaren C. Ana warware ta da zagaye biyu. Ga na farko:

```
mkdir gini1 && cd gini1
../gcc/configure --target=arm-none-eabi --prefix=$HOME/kayan-arm \
  --enable-languages=c --without-headers --with-newlib \
  --disable-shared --disable-threads --disable-nls \
  --disable-libssp --disable-libquadmath \
  --with-multilib-list=rmprofile
make all-gcc all-target-libgcc
make install-gcc install-target-libgcc
```

`--without-headers` da `--with-newlib` suna sa a gina `libgcc` ba tare da neman fayilolin `.h` na laburaren C ba. Lura kuma da layin `make`: an ambaci abu biyu da sunansu, don haka sauran laburarorin ba za a ko leƙa su ba. Wannan hanya ce ta biyu ta kauce musu, kuma masu rubuta babbar manhaja tasu daga tushe da `i686-elf` a nan suke tsayawa. Wanda ya manta ya buga `make` zalla shi ke haɗuwa da saƙon `GCC_NO_EXECUTABLES`. Ma'anar saƙon ita ce `configure` na laburaren ya gwada haɗa wata 'yar manhajar gwaji, bai samu `crt0.o` ko laburaren C ba, daga nan kuma duk wani gwajin da ke buƙatar haɗawa ya haramta.

Da wannan kwamfailar ake gina newlib a girka shi. Sai zagaye na biyu a sabuwar folda: a cire `--without-headers`, a mayar da harsuna `c,c++`, a bar `--with-newlib`, a buga `make` cikakke. Yanzu `libstdc++` zai ginu. `--disable-threads` da `--disable-shared` suna nan daram, domin a wannan na'ura rukuni na biyu suke. Ana iya ƙara `--disable-libstdcxx-pch` don rage lokaci da wuri. Idan kuwa ba za a sa laburaren C ko kaɗan ba, `--disable-hosted-libstdcxx` yana gina ɓangaren C++ da ke iya tsayawa shi kaɗai, kuma an faɗaɗa wannan ɓangare sosai a GCC 13.

A kula da `rmprofile`. Yana sa a gina kowane laburare sau da yawa, ɗaya don Cortex-M0, ɗaya don M3, wasu don M4 da M7 masu sashen lissafin ɗigo da marasa shi, da sauransu. Laburare ɗaya da aka bari ba gaira ba dalili, sau adadin waɗannan nau'o'in za a biya kuɗinsa da lokaci.

Misali na biyu: Linux da glibc

A ce ana gina `aarch64-linux-gnu` don Raspberry Pi mai bit 64. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: a nan kusan duk kashewar zagayen farko ta wucin gadi ce. Littafin Linux From Scratch, wanda Gerard Beekmans ya fara a 1999, yana kashe waɗannan a zagayensa na farko:

```
--with-newlib --without-headers --disable-shared --disable-threads
--disable-multilib --disable-libatomic --disable-libgomp
--disable-libquadmath --disable-libssp --disable-libvtv
--disable-libstdcxx
```

Kada `--with-newlib` ya ruɗe ka. Ba newlib za a yi amfani da shi ba, dabara ce kawai ta hana `libgcc` neman abin da babu. `--disable-shared` kuma dole ne domin `libgcc_s.so` ba ya haɗuwa sai da `crti.o` da `libc.so`, waɗanda glibc ce ke kawo su.

Daga nan a girka fayilolin `.h` na kanel ɗin Linux da `make headers_install ARCH=arm64`, a gina glibc, a zuba su duka a foldar da za a nuna wa `--with-sysroot`. A kwamfailar ƙarshe sai a janye kusan komai: zaruruwa su dawo, `libgcc_s.so` ya dawo, `libstdc++` da `libatomic` da `libgomp` su dawo. `--disable-libssp` yana iya zama tunda glibc ta ɗauke aikin. `libquadmath` kuma yana gwada `__float128` da kansa ya janye idan babu, a aarch64 ma `long double` ya riga ya zama mai bit 128.

Ga mai son Fortran a na'urar da ke da `__float128`, zaɓi biyu ne masu kama da juna. `--disable-libquadmath` yana hana gina laburaren. `--disable-libquadmath-support` yana hana `libgfortran` dogaro da shi. Idan aka yi na farko aka bar na biyu, Fortran na iya neman laburaren da ba a gina ba.

`--disable-multilib` yana da nasa labarin. A kan x86_64, GCC tana ƙoƙarin gina laburarori masu bit 32 tare da masu bit 64. Idan ba a girka glibc mai bit 32 ba, za a ga ƙorafi a kan `gnu/stubs-32.h`. Wanda ba ya buƙatar `-m32` ya kashe ya huta.

Me ya sa `libsanitizer` ya fi kowa faɗuwa

AddressSanitizer yana ware bait ɗaya don lura da kowane bait takwas na memorin manhaja, yana tare kiraye-kiraye irin `malloc` da `free`, kuma yana riƙe da girman tsare-tsaren bayanai na cikin glibc da kanel a rubuce. Wannan kusanci ne ke sa ko yaya aka taɓa glibc sai ya ji a jikinsa. Da glibc 2.28 ta cire `sys/ustat.h` a 2018, sigogin GCC da suka gabace ta sun daina ginuwa a daidai wannan folda. A 2022 glibc 2.36 ta kawo karo tsakanin `sys/mount.h` da `linux/fs.h`, aka sake maimaitawa.

Darasin shi ne tsohuwar GCC a kan sabuwar glibc ta fi faɗuwa a nan. Idan ba za a yi farautar kurakurai da kwamfailar ba, `--disable-libsanitizer` halas ne, yana kuma rage lokacin gini ƙwarai. Idan za a yi, a nemi siga ta baya-bayan nan a reshen GCC ɗin, domin akan mayar da irin waɗannan gyare-gyare can.

A kan musl, laburaren C da Rich Felker ya fara fitarwa a 2011 kuma Alpine Linux ke amfani da shi, tsarin gini na musl-cross-make yana rubuta `--disable-libsanitizer` da hannu, tare da `--disable-gnu-indirect-function` tunda musl ba ta goyon bayan wannan dabara.

Windows: inda ake kunnawa maimakon kashewa

`x86_64-w64-mingw32` ba ya cikin jerin na'urorin da `libgomp` ke kunne gare su, alhali yana iya ɗauka. Sai an gina winpthreads tukuna, sannan a rubuta `--enable-libgomp`. Akwai kuma zaɓi tsakanin `--enable-threads=posix` da `--enable-threads=win32`, kuma kafin GCC 13 wanda ya zaɓi na biyu ba ya samun `std::thread`. `libssp` da ba shi da amfani a Linux, a MinGW an daɗe ana dogaro da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa babu jeri ɗaya da ya dace da kowace na'ura.

Idan gini ya tsaya

Layin ƙarshe a allo ba shi ne kuskuren ba, musamman idan an yi amfani da `make -j`. Sake buga `make` ba tare da `-j` ba don a ga inda ya tsaya, ka nemi sunan da ke cikin layi irin `configure-target-libssp` ko `all-target-libgomp`. Wannan ne laburaren da ya faɗi.

Sannan ka buɗe `config.log` na laburaren, ba na saman folda ba. Yana ƙarƙashin sunan na'urar, misali `arm-none-eabi/libssp/config.log`. Kada ka tsaya a ƙarshen fayil ɗin, can jerin alamomi ne kawai. Nemi saƙon kuskuren ka hau sama kaɗan, za ka ga ainihin umarnin da aka gwada da amsar da ta dawo.

Amsar ce ke faɗa maka abin yi. Idan ta ce ba a samu `crt1.o` ko `stdio.h` ba alhali ka riga ka gina laburaren C, laifin na `--with-sysroot` ne, kashe laburaren kuma ɓoye ciwo ne kawai: na gaba da shi ma zai faɗi. Idan ta ce `cannot compute suffix of object files`, sau da yawa binutils ne ba ya cikin `PATH`, ko `cc1` ya kasa samun GMP da 'yan'uwansa. Idan ta ce `Pthreads are required to build libgomp` a na'urar da ba ta da zaruruwa, to wannan kashewa ce ta gaskiya.

Bayan canza zaɓi, a share foldar gini a fara daga farko. Kowane laburare yana ajiye amsoshin gwajinsa a `config.cache`, tsohuwar amsa kuma tana iya bin sabon gini ta ɓata shi.

Abin da kashewa ke bari a baya

Kashe laburare ba ya cire fasahar daga kwamfaila. Kwamfailar tana nan tana rubuta kira zuwa ga ayyukan da ba a gina ba, sai a wurin haɗawa abin ya fito fili.

An kashe `libgomp`, wani ya buga `-fopenmp`: za a ce ba a samu `libgomp.spec` ko `omp.h` ba. An kashe `libsanitizer`, wani ya buga `-fsanitize=address`: za a nemi `libasan` a rasa. An kashe `libssp` a na'urar da laburaren C nata bai tanadi madadinsa ba, wani ya buga `-fstack-protector`: sai ya rubuta `__stack_chk_guard` da `__stack_chk_fail` da hannunsa.

`libatomic` ya fi su wayo, domin ba sai an buga wani zaɓi ba. A MIPS ko PowerPC masu bit 32, ƙara ɗaya a kan `_Atomic` mai bit 64 yana haifar da `undefined reference to __atomic_fetch_add_8`. A Cortex-M0+, irin wanda ke cikin RP2040 na Raspberry Pi Pico, babu umarnin `LDREX` da `STREX`, don haka ko mai bit 32 ma kira yake zama, kuma mai manhajar ne ko kayan aikin allon za su samar da aikin. Hatta a x86_64, tun GCC 7 ayyukan atomik masu bait 16 ta `libatomic` suke bi. Kwamfailar ƙarshe ta Linux da ba ta da shi gurguwa ce.

Mafi haɗari shi ne `--disable-threads` da aka manta da shi a kwamfailar ƙarshe ta Linux, domin ba lallai ya yi ƙara ba. Wasu manhajoji za su ƙi ginuwa don babu `std::mutex`, wasu kuwa za su ginu lafiya amma da laburarorin da ke zaton zare ɗaya ne a duniya.

Game da kwafar layin wani kuwa, kamar mutum ne ya karɓi takardar maganin maƙwabcinsa ya nufi kemis da ita. Har yau ana ganin `--disable-libmudflap` a layukan gini, alhali an cire laburaren tun GCC 4.9 a 2014. `libcilkrts` ya tafi a GCC 8, `libmpx` a GCC 9. Waɗannan ba sa cutarwa a sabuwar GCC, kuma tsarin da ke gina tsofaffin sigogi yana da hujjar riƙe su. Amma layin da ke ɗauke da matattun zaɓuɓɓuka ba tare da mai shi ya sani ba yana iya ɗauke da rayayyu masu ɓarna.

Gwaji bayan girkawa

Umarni huɗu sun isa:

```
aarch64-linux-gnu-gcc -v
aarch64-linux-gnu-gcc -print-multi-lib
aarch64-linux-gnu-gcc -print-file-name=libatomic.a
aarch64-linux-gnu-gcc -fopenmp gwaji.c -o gwaji
```

Na farko yana nuna dukkan layin `configure` da aka yi gini da shi, da `Thread model`, wanda ya kamata ya zama `posix` a Linux, `single` kuma a na'urar da ba ta da babbar manhaja. Wannan umarni yana aiki a kan kowace GCC, don haka hanya ce mai kyau ta ganin abin da Debian ko Fedora suka zaɓa wa tasu. Na biyu yana jero nau'o'in da aka gina. Na uku yana dawo da cikakkiyar hanyar fayil idan laburaren yana nan, idan babu sai ya maimaita sunan kawai. Na huɗu gwaji ne na zahiri, a yi irinsa ga kowace fasahar da aka yi alkawarin kwamfailar tana da ita, a kuma gudanar da manhajar a kan na'urar ko a QEMU.

Ga mai kai GCC sabuwar na'ura, da mai amfani da LLVM

Wanda ke ƙara wa GCC sabuwar na'ura bai kamata ya bar wa masu amfani dogon jerin `--disable-` ba. Wurin gyaran shi ne `configure.tgt` na laburaren idan yana da shi, in ba haka ba babban `configure.ac`. Bayan gyara ana sake fitar da `configure` da autoconf 2.69 daidai, ba wata siga ba. A tuna kuma cewa binutils da GDB suna tarayya da GCC a wannan babban fayil.

LLVM ta bi ta ɗaya gefen: abin da ka ambata a `LLVM_ENABLE_RUNTIMES` shi ake ginawa, misali `compiler-rt;libcxx;libcxxabi;libunwind`. A cikin compiler-rt kuma ana kashe sassa da `COMPILER_RT_BUILD_SANITIZERS=OFF` da `COMPILER_RT_BUILD_XRAY=OFF` da makamantansu. Tambayoyin ba su canza ba: me na'urar ke da shi, me aka riga aka gina, me ake buƙata.

Wanda kawai kwamfaila yake so ya ci gaba da aikinsa, crosstool-NG da Buildroot sun riga sun san yawancin waɗannan amsoshi, babu kuma abin kunya a amfani da su. Wanda kuwa ya zaɓi gini da hannu, ya fara da `--target` da `--prefix` da `--enable-languages` da abin da zagayen ya wajabta, ya bar `configure` ya kashe abin da ya sani, sannan ya ƙara nasa ɗaya bayan ɗaya bayan ya karanta `config.log`. Ya ajiye layin a fayil, ya rubuta dalilin kowane `--disable-` a gefensa da sigar GCC da aka yi shi dominta. Duk zaɓin da ka kasa faɗin dalilinsa, cire shi ka sake gini ka gani.